HIKORI: ITACEN DA YA CIYAR DA AL'UMMA, YA KUMA ARA WA SHUGABAN ƘASA SUNA

A cikin dazuzzukan gabashin nahiyar Amurka ta Arewa, tun daga kudancin Kanada har zuwa jihohin Jojiya da Teksas, akwai wani itace da mutanen ƙasar ke kira hikori. Galibin masu karatunmu ba su taɓa ganinsa ba, da wuya kuma su gan shi a gonakinmu, domin ƙwallonsa ba ya tsira sai ya yi wata uku ko huɗu kwance cikin sanyi irin na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka. Duk da haka labarinsa ya isa a saurara, gama itace ne da ya riƙe cikin jama'a shekaru dubbai, sa'an nan baƙi suka zo suka karɓi ƙasar, suka ɗauki katakonsa da sunansa, suka bar wa kurege abincin da ke jikinsa.

Shi kansa sunan ba Turanci ba ne. A shekarar 1607 ne Turawan Ingila suka kafa zangonsu na farko mai ɗorewa a Jamestown, cikin yankin da ake kira jihar Bajiniya a yau. A can suka tarar da mutanen Fohatan, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa bisa kuskure. Kyaftin John Smith, wanda yana cikin shugabannin zangon, ya rubuta yadda mutanen ke daka waɗansu ƙwallaye a turmi, su zuba ruwa, abin ya fito fari tamkar madara, suna kiransa pawcohiccora. Kalmar ta yi wa harshen Bature nauyi, aka yi ta gutsure ta har ta koma hikori. Watau tun asali sunan abin sha ne, daga bisani aka ɗora wa itacen. Harshen Fohatan kuwa ya mutu tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, amma wannan kalma tasu tana nan a bakin miliyoyin mutanen da ba su san daga inda ta fito ba.

SIFFARSA DA HALINSA

Masana ilmin tsirrai sun sa hikori cikin dangin itacen walnat, kuma a shekarar 1818 wani masani ɗan Ingila mai suna Thomas Nuttall ya ba jinsin sunan da ake amfani da shi a littattafai har yau, watau Carya. Akwai kimanin iri 18. Wajen 12 daga ciki a ƙasar Amurka suke, sauran kuma a Meksiko da ƙasar Sin da maƙwabtanta. An tono alamun da ke nuna cewa a zamanin da can akwai shi a Turai ma, sanyin zamanin ƙanƙara ne ya share shi daga can.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wanda Amurkawa ke kira shagbark, ma'ana mai ɓawo buzu-buzu. Idan itacen ya manyanta sai ɓawonsa ya riƙa tsagewa dogo-dogo, yana ɗagowa daga sama da ƙasa amma tsakiyarsa na manne da jikin itacen, ta yadda mai hange daga nesa zai yi tsammanin tsummoki aka rataya masa. A ƙarƙashin wannan ɓawo ne wani ƙaramin jemage da ake kira jemagen Indiyana ke fakewa ya rayar da 'ya'yansa, jemagen da gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu tun 1967. Tsawon itacen yakan kai ƙafa 70 zuwa 90, waɗansu ma su haura 100. Furen namiji da na mace duk a itace guda suke, iska ce ke kwasar bununin daga wannan zuwa wancan kamar yadda take yi a gonar masara.

Babban halin hikori shi ne rashin gaggawa. Idan ƙwallo ya tsira, a shekaru ukun farko saiwarsa takan nutsa ƙafa biyu zuwa uku cikin ƙasa alhali abin da ya leƙo sama bai taka kara ya karya ba. Wannan saiwa ce ke sa guguwa ba ta kayar da shi da sauƙi, ita ce kuma ke sa dashensa ya zama jan aiki, domin in an tsinke ta wajen ciro shi, da ƙyar ne ya rayu. Ba ya fara 'ya'ya na kirki sai ya kai wajen shekara 40. Ganiyarsa tsakanin shekara 60 ne da 200, akwai kuma waɗanda ke kai wa 300 suna zubarwa. Wanda ya shuka shi yana saurayi, jikokinsa ne za su ci moriyarsa sosai. Ko bayan ya fara ɗin ma ba kowace shekara yake cika ba: shekara guda ya yi lodi, shekara ɗaya ko biyu ya yi 'yan kaɗan. Masana da dama na ganin dabara ce ta halitta, domin a shekarar ƙaranci kuregu da ɓeraye su ragu, a shekarar yalwa kuma su kasa cinye abin da ya zubo, har waɗanda suka binne suka manta su tsiro.

Cikin watan Satumba da Oktoba 'ya'yan ke nuna. Kowane ɗa yana cikin kwasfa mai kauri, kore, wadda ke yin baƙi ta rabe gida huɗu idan ta bushe. A ciki akwai ƙwallo fari-fari mai taurin gaske, ƙanana ne har sai an tara kamar 100 kafin su yi nauyin laba guda. A cikin ƙwallon ne ƙwayar take, mai zaƙi da garɗi, kashi 64 cikin 100 nata kuwa mai ne. Gyaɗa da muke taƙama da ita kusan rabinta ne mai. Ba duka ire-iren ne ke da daɗi ba. Akwai wanda ɗacinsa ya sa aka yi masa suna da ɗaci, akwai wanda aka ce sai aladu, akwai kuma wanda ake kira mai zolaya, saboda ƙwallonsa ƙato ne amma in ka sha wahala ka fasa sai ka tarar da 'yar ƙwaya mitsitsiya.

YADDA AKA DAFA DUTSE

Duk wanda ya taɓa fasa ƙwallon hikori ya san inda gizo ke saƙar. Ƙwayar ba ta fita ɗungurungum kamar ta gyaɗa. Tana maƙale ne cikin lungu-lungu na ƙwallon, sai an sa tsinke ana tsokalowa kaɗan-kaɗan. Masu binciken kayan tarihi sun gwada wannan aiki da hannunsu, suka ga cewa mutumin da zai zauna yana tsokalo ƙwaya ɗaya-ɗaya, abin da zai samu a yini bai kai ladan wahalarsa ba. To, ta yaya abu irin wannan ya zama abincin dogaro?

Amsar tana cikin turmi da tukunya. 'Yan asalin ƙasar ba su ɓata lokaci wajen tsince ƙwaya daga ƙwallo ba. Sukan ɗora ƙwallon bisa wani dutse mai 'yan ramuka su fasa da wani dutsen, su kwashe manyan ɓaraguzan, sauran kuma su zuba a turmin itace su daka gaba ɗaya, ƙwaya da ɓawo, har ya yi laushi man ya fara fitowa. Sa'an nan a juye cikin ruwan zafi. Ɓawon yana da nauyi, sai ya nutse ƙasa. Ƙwayar da aka daka ta narke cikin ruwan ya zama fari, man kuma ya taso sama a yaɗe shi a adana. Ruwa ne ke yin aikin da yatsu suka kasa. Kafin a san ginin tukunya a wannan yanki, dutse suke gasawa a wuta har ya yi ja, su jefa cikin ruwan da ke cikin akushi ko ramin da aka shimfiɗa wa fata, har ya tafasa. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, su kam waɗannan mutane sun yi haka a zahiri.

Shaidar wannan tana binne a ƙasa. A wani wuri da ake kira Koster a jihar Ilinoi, inda aka yi tono daga 1969 zuwa ƙarshen shekarun 1970, an tarar da kufai bisa kufai na mutanen da suka fara zama a wurin tun kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A cikin ƙonannun ragowar tsirrai da aka tace daga tokar murhunsu, ɓawon hikori ne ya fi komai yawa. Haka abin yake a kufai da dama na gabashin ƙasar. Tun kafin masara ta iso daga Meksiko ta zama abincin yau da kullum, hikori ne ke tsallakar da mutane lokacin hunturu, domin ƙwallon da aka shanya yakan yi shekara bai lalace ba, taurin da ke wahalar da mai ci shi ne kuma ke hana ƙwari shiga. Ɓawon da aka tace ba a zubarwa, makamashi ne mai kyau.

Turawan farko sun gani da idonsu. Mutanen Hernando de Soto, ɗan ƙasar Sifen da ya ratsa kudancin ƙasar da rundunarsa, sun ba da labarin cewa a 1540 sun tarar da wani gari mai suna Chiaha inda aka tara man ƙwallon itace mai tsabta da daɗi, wanda masana ke ganin na hikori ne. Bayan fiye da shekara 200, William Bartram, wani masanin tsirrai ɗan birnin Filadelfiya, ya zaga ƙasar mutanen Kirik da Ceroki tsakanin 1773 da 1777. A littafin tafiyarsa da aka buga a 1791 ya ce ya ga gida guda da ya tara fiye da bushel 100 na ƙwallon hikori. Bushel ɗaya kusan garwar kananzir biyu ce, watau garwa 200 ke nan a rumbun iyali ɗaya. Ya kuma ce da madarar hikorin suke haɗa yawancin girkinsu, musamman na masara. Mai karatu zai fi gane abin idan ya tuna da matsayin kunun gyaɗa da man gyaɗa a gidajenmu.

Daɗin daɗawa, ba tsintuwa kawai suke yi ba. Sukan sa wa daji wuta lokaci-lokaci domin share ƙananan itatuwa da ciyayi. Hikori da ɗan uwan zamansa, itacen oak, suna jure irin wannan wuta fiye da waɗansu, domin ko saman ƙaramin itace ya ƙone, saiwar nan mai zurfi takan sake tofo. Da haka dajin ya zama tamkar gona wadda ba a yi mata kunya ba. Baƙin da suka zo daga Turai ba su ga garma ba, ba su ga shinge ba, sai suka ce ƙasar ba ta da mai ita.

KATAKO

Abin da ya fi ɗaukar hankalin Turawa shi ne katakon. Akwai itatuwan da suka fi hikori tauri, akwai waɗanda suka fi shi lanƙwasuwa, amma da wuya a sami wanda ya haɗa tauri da ƙarfi da juriyar duka kamarsa. Duk manomi ya san bambancin ƙotar da ke shanye sara da wadda ke tsagewa ko ta mayar wa hannu da zafin bugun. Saboda haka ƙotar gatari da ta guduma da ta diga a Amurka ta zama ta hikori, har yau kuma ita ce ake nema. Da shi aka yi sandunan ƙafafun kekunan dokin da suka kwashi baƙi zuwa yammacin ƙasar, da shi kuma aka yi na ƙafafun motar Ford samfurin Model T da aka fara ƙerawa a 1908. An yi ta lodinsa a jiragen ruwa zuwa Sukotland domin yin sandunan wasan golf, har sai da hukumar wasan ta can ta halatta sandar ƙarfe a 1929. Makaɗan zamani kuwa har gobe da shi ake yi musu sandunan kiɗa.

Wani abin mamaki shi ne, shi da ke girma a hankali, katakonsa ya fi ƙarfi idan ya sami fili da rana ya yi saurin kauri. Akwai kuma tsohuwar camfi tsakanin masu sayen ƙota cewa farin katakon da ke wajen ɓawo ya fi jan da ke tsakiya ƙarfi, har aka riƙa zubar da ja a banza. Ma'aikatar gandun daji ta Amurka ta gwada su biyun ta ga babu bambanci, amma camfin bai mutu ba. Aibinsa shi ne ba ya jure danshi: in an kafa shi a ƙasa nan da nan yake ruɓewa, gara da sauran ƙwari kuma suna sonsa, don haka ba a yin ginshiƙi da shi. A murhu kuwa ba shi da na biyu, ga zafi ga gawayi mai daɗewa, hayaƙinsa kuma shi ne mutanen kudancin Amurka suka fi so wajen bandar nama.

TSOHON HIKORI

Wannan tauri ne ya shigar da itacen cikin siyasa. A farkon shekarar 1813, ana cikin yaƙi tsakanin Amurka da Ingila, wani janar na mayaƙan sa-kai daga jihar Tenesi mai suna Andrew Jackson ya jagoranci mutum wajen 2,000 zuwa garin Natchez a bakin kogin Misisifi. Suna can sai takarda ta zo daga ma'aikatar yaƙi cewa ba a bukatarsu, ya sallame su kowa ya kama gabansa. Jackson ya ƙi. Ya ce shi ya fito da su, shi zai mayar da su. Ya ba marasa lafiya dawakansa, ya taka da ƙafa tare da sauran, tafiyar fiye da mil 400 zuwa Nashville. A hanyar nan ne sojojin suka fara cewa mutumin nan taurinsa sai hikori, sunan kuwa ya bi shi: Tsohon Hikori. Sa'ad da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1828, magoya bayansa sun riƙa kafa dogayen sandunan hikori a dandalin garuruwa da mararrabar hanyoyi a matsayin tutarsu. Ya ci zaɓen, ya yi mulki daga 1829 zuwa 1837. Almajirinsa a siyasa, James Polk, wanda shi ma ya zama shugaban ƙasa, aka riƙa ce masa Ƙaramin Hikori.

Wannan shi ne ɓangaren labarin da aka daɗe ana koya wa yara a makarantun Amurka. Ga sauran. A watan Maris na 1814 Jackson ya murƙushe wani ɓangare na mutanen Kirik a wani gwiwar kogi da ake kira Horseshoe Bend a Alabama, aka kashe musu mayaƙa wajen 800. A wannan yaƙi ɗaruruwan mayaƙan Ceroki suna gefen Jackson, su ne ma suka ƙetare kogin suka faɗa wa abokan gaba ta baya. Bayan 'yan watanni ya tilasta wa Kirik sa hannu kan yarjejeniyar da ta ƙwace musu ƙasa eka miliyan 23, har da ta waɗanda suka taimake shi a cikinsu. Da ya hau mulki, a watan Mayu na 1830 ya sa hannu kan dokar kwashe ƙabilun 'yan asalin ƙasa daga gabas zuwa hayin kogin Misisifi. Ceroki ba su ɗauki makami ba. Suna da rubutunsu, da jaridarsu, da tsarin mulkinsu a rubuce, sai suka bi ta kotu. A 1832 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin jihar Jojiya ba su da iko a ƙasar Ceroki, amma ba a aiwatar da hukuncin ba. Sun yi wa Jackson rana, ya yi musu dare.

A 1838, bayan ya sauka, magajinsa Martin Van Buren ya tura soja suka tattara Ceroki kimanin 16,000. Aka kora su, yawanci a ƙafa, cikin hunturu, tafiyar da ta kusa mil 1,000 zuwa yankin da ya zama jihar Oklahoma. An ƙiyasta cewa wajen 4,000 sun mutu a sansanonin da aka tsare su da kan hanya, saboda cuta da yunwa da sanyi. Ita ce tafiyar da ake kira Tafarkin Hawaye. Kirik an riga an kwashe su shekara biyu kafin haka. Mutanen da Bartram ya ga rumbunansu cike da hikori ke nan, kuma mutumin da ya sa hannu a kan korarsu sunan itacensu yake amsawa, sunan da shi ma daga bakin 'yan uwansu aka aro shi. Hotonsa yana jikin takardar dala 20 tun 1928.

BAWAN DA YA YI WA FIKAN AURE

Cikin dangin hikori duka, ɗaya ne tak ya shiga kasuwar duniya, shi ne fikan, wanda asalinsa kwarin kogin Misisifi ne da Teksas da arewacin Meksiko. Shi ma sunansa daga harsunan 'yan asalin ƙasar ya fito, ta hannun Faransawa, ana fassara shi da ƙwallon da sai da dutse ake fasawa. Ɓawonsa ya fi na sauran laushi, ƙwayarsa tana fita rabi-rabi ba tare da tsinke ba. George Washington da Thomas Jefferson duk sun shuka shi a gonakinsu. Amma akwai matsala guda da ta hana shi zama amfanin gona: idan ka shuka ƙwallon itace mai kyau, ba lalle ne ɗan ya gaji uwar ba. Ka shuka ɗari, ka jira shekaru goma ko fiye, ka sami iri ɗari dabam-dabam, wani babba wani ƙarami, wani mai tauri wani mai ɗaci. Maganin haka shi ne abin da masu lambunanmu ke yi wa mangwaro da lemo, watau aure: a yanko reshen itacen da ake so a haɗa shi da gindin wani. Sai dai fikan yana da gardama wajen karɓar aure, mutane da yawa sun gwada sun gaza.

Jackson ya mutu a 1845. Ba a yi shekara biyu ba, a wata gonar rake mai suna Oak Alley da ke bakin Misisifi a jihar Luwiziyana, wani bawa baƙar fata mai kula da lambu ya yi wa itatuwan fikan 16 aure suka kama, daga baya ya ƙara har suka haura 100. Sunansa Antoine. Iyakar abin da aka rubuta na sunansa ke nan, babu na uba. Da ubangijinsa Jacques Roman ya mutu a 1848 aka zo ƙididdigar dukiya, an sa Antoine cikin lissafin, mai shekara 38, gwanin auren fikan, an yi masa kuɗi dala 1,000. A 1876 aka kai 'ya'yan itatuwan nan babban baje kolin cikar Amurka shekara 100 da 'yanci a Filadelfiya, suka sami lambar yabo, aka raɗa wa irin suna Centennial. Shi ne irin fikan na aure da ya fara bazuwa a hannun masu sayar da dashe, daga nan kuma noman fikan ya kama hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A yau Amurka da Meksiko ne kan gaba a noman fikan. Amurka kaɗai takan samar da laba miliyan 250 zuwa 300 a yawancin shekaru, mafi yawa daga jihohin Jojiya da Sabuwar Meksiko da Teksas, wadda ta ɗauke shi a matsayin itacen jiha tun 1919. Afirka ta Kudu ce ke biye da su, kuma galibin abin da take nomawa ƙasar Sin take sayar wa.

Su kuwa sauran dangin da ke Amurka galibinsu suna daji inda aka bar su. Lissafin ɗan kasuwa a bayyane yake. Fikan ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara shida zuwa takwas, kuma fiye da rabin nauyin ƙwallonsa ƙwaya ce. Mai ɓawo buzu-buzu ga jinkiri, ga wuyar dashe, ƙwayarsa kuma da ƙyar take kai sulusin nauyin, ba a kuma sami injin da zai raba ta da ɓawon cikin araha ba. Waɗanda suka ɗanɗana duka biyun da yawansu sun fi yabon na dajin, amma a manyan kantunan Amurka ba ka samunsa, sai wurin tsofaffin ƙauye da ke zama da guduma da tsinke lokacin sanyi. Mu da muke da kaɗanya, wadda ita ma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ma bukatar dogon bayani a kan abin da ke samun itacen da amfaninsa ke hannun matan karkara, katakonsa kuma ke da kuɗi a hannun mai gatari.

Shi kansa dajin yana sauyawa. Dajin oak da hikori shi ne mafi faɗi a gabashin Amurka, amma tun da hukuma ta ɗauki manufar kashe kowace wutar daji a ƙarni na 20, itatuwan da ke son inuwa, irin su mefil, suka cika ƙarƙashinsa suka tare rana. Manyan hikori suna nan tsaye, sai dai a wurare da yawa ƙananan da za su gaje su sun yi ƙaranci, bareyi kuma da suka yi yawa suna cinye masu tsirowa. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji suka koma sa wa daji wuta da gangan bisa tsari, abin da aka kori masu yinsa shekara kusan 200 da suka wuce.

Ceroki dai ba su bar abincinsu a gabas ba. A tsaunukan gabashin Oklahoma, wajen garin Tahlequah inda hedkwatarsu take, sun tarar da waɗansu ire-iren hikori, suka ci gaba da abin da suka sani. Suna kiransa kanuci. Da kaka a tsinto ƙwallon a shanya shi makonni, a fasa, a tankaɗe manyan ɓawo, a daka a turmin da aka fafe daga gungumen itace har man ya fito ya haɗe garin. Sa'an nan a cura shi dunƙule-dunƙule kamar fura. Idan za a sha, a ɗauki dunƙule guda a dama da tafasasshen ruwa, a tace ɓawon da ƙyalle ko rariya, a mayar kan wuta ya yi kauri, a zuba dafaffiyar masara ko shinkafa, wani ya sa sukari, wani gishiri. A shekarar 2001 wata masaniya mai suna Gayle Fritz ta Jami'ar Washington da ke St. Louis, tare da abokan aikinta biyu 'yan Ceroki, ta wallafa bincike a kan masu wannan sana'a, yadda suke tara ƙwallon da yadda suke sayar da dunƙulen ga waɗanda ba su da lokacin daka. A yanzu a firji ake ajiye shi ya kai wata shekarar, a fito da shi ranar taron dangi ko na majami'a, ko a dama wa tsoho marar lafiya wanda ya ƙi cin komai.